Ɗakin da Ya Fi Kusa da Ruwa

Surukina Hajji Dardir ne ya fara ganin akwatin a wofi. Da hantsi ya ƙwanƙwasa ɗakinmu, ya shigo tun ba a ce masa ya shigo ba, ya ce wa 'yarsa ta fito da sarƙar kakarta ta sa a wuya, yana so matan Alƙahira da ke cikin jirgin su san cewa mutanen Ƙina ma sun san zinariya. Wisal, amaryata da ko mako ba mu yi da aure ba, ta tsaya kamar an dasa ta. Ya ture ta ya buɗe akwatin da kansa. Babu komai sai auduga. Ƙofar baranda a buɗe, labule yana kaɗawa, ga kogin Nilu nan dab, har warinsa na shigowa.

Bai tambayi kowa komai ba. Ya juyo ya dube ni.

"Yanzu na gane," ya ce. "Kowa a jirgin nan sama yake nema, kai ka nace sai ƙasa. Sai ɗakin da ɓarawo zai miƙo hannu daga kwale-kwale ku gaisa."

"Ammi, me kuke nufi?"

"Kada ka sake ce mini Ammi, Nazih, ni ba baffanka ba ne. Ban haɗa jini da ɓarayi ba."

Gaskiya ne ni na zaɓi ɗakin. Ma'aikacin ofishin kamfanin jirgin a Luksor ya gaya mini komai: ƙarar inji, warin mai, in an tsaya a tasha kuma wani jirgin zai jingino ya rufe mana gani. Na ce na ji. Duk littattafan da na ƙarar da idanuna a kansu, masoya a bakin ruwa suke zama, ba a kan bene suna leƙo shi kamar masu jiran motar haya ba. Ina so Wisal ta kwanta tana jin kogi yana marin jikin jirgi, ta tashi ta zura hannu ta taɓa shi. Abin da ban shirya masa ba shi ne ubanta zai kama ɗakuna biyu a can sama, ɗaya nasa ɗaya na yayarsa Gwaggo Ratiba, wai 'yarsa ba ta kwana a kan ruwa ita da baƙo.

"Ka saurare ni da kyau," ya ce, yana nuna ni da carbi. "In muka sauka Aswan babu sarƙar uwata, zan sa 'yata a jirgin ƙasa mu koma gida, kai kuma ka aiko mata da takardarta."

Na dubi Wisal. Kalma ɗaya nake jira. Ko ta ce Baba, mijina ne. Ko ta ce ƙarya ne. Ko ta yi tsaki ma da na gode. Sai Gwaggo Ratiba ta shigo ta kama hannunta, ta ja ta sama, ita kuwa ta bi, idonta a ƙasa.

Wannan shirun ya fi zagin ubanta ƙona ni.

*

Jirginmu yana tsaye a Isna tun asuba, yana jiran a buɗe masa ƙofar madatsa. Kamar kullum 'yan tallan kwale-kwale sun yanyame shi, suna jefo riguna da shimfiɗun tebur cikin leda, wanda ya ga ya yi masa ya sa kuɗi a ledar ya jefa musu. Wata leda tana kwance a barandata. Wani ɗan talla mai suna Shahhat kuma yana ƙasa yana ta kururuwa a mayar masa da kayansa. Wannan ya ishi ma'aikatan jirgi hujja. Suka finciko shi, suka kulle a ɗakin wanki, suka ɗaure kwale-kwalensa a bayan jirgi.

Kafin abincin rana kowa ya yanke hukunci. Ina wucewa ana matsar da jaka.

"Shi ya buɗe masa ƙofa."

"Malamin makaranta ne fa, wai har waƙe yake rubutawa."

"To, ai ka ji. Mai rubuta waƙe me zai ci?"

Wata mata ta cire 'yan kunnenta a gabana ta jefa cikin rigarta. Na so in kife mata kwanon miyar lalo a kai.

Manajan jirgin, Ustazu Milad, ya kulle ɗakinmu ya sa mabuɗin a aljihu. Ba ya son 'yan sanda, domin in suka hau, jirgi ya kwana a inda yake. Ya ce a Idfu akwai wani tsoho mai bin sawu, a jira shi. In shi ma ya kasa, to, a Kom Ombo zai miƙa mu ga hukuma, ni da Shahhat.

*

Baba Karrar, mai bin sawun, ya hau jirgin a Idfu bayan la'asar. Ɗan ƙabilar Ababda ne, siriri, baƙi, ya tsufa yana bin raƙuman sata a hamadar gabas. Bai yi kama da mai son mutane ba, kuma bai ɓoye ba.

Hajji Dardir ya dube shi sama da ƙasa. "Sawu a kan ruwa? Ustazu, da mu kake wasa?"

"Cikin ruwa aka ajiye akwatin?" in ji tsohon.

"A'a."

"To ka matsa, ka tare mini haske."

Bai shiga barandar ba. Ya kwanta rub da ciki a bakin ƙofarta, kumatunsa a ƙasa, ya rufe ido ɗaya. Hayaƙin inji yakan bar wani siririn baƙi a daɓen ɗakunan ƙasa, abin da ma'aikacin Luksor ya gargaɗe ni a kansa. Rana ta karkata, haskenta yana shafar daɓen. Tsohon ya daɗe a haka har na zaci barci ya yi. Da ya tashi sai ya ce a kai shi wurin ɗan tallan.

Shahhat yana zaune a kan tarin zannuwan gado, leɓensa a fashe.

"Wallahi in na fita sai na kai ƙarar jirgin nan har wurin gwamna," ya ce. "Shimfiɗar tebur na jefa! Tun ina yaro nake jifa, ban taɓa kuskure baranda ba, yau kuma ta zama laifi?"

"Miƙo ƙafarka."

"Ga ta. Ka sumbace ta in kana so."

Ƙafa ce mai faɗi kamar faranti, yatsun a warwatse, dunduniya a tsage. Baba Karrar ya juya ta kamar mai taya kifi.

"Yaushe ka jefa ledar?"

"Da rana ta ɗaga. Ƙofar a buɗe take, na ce akwai mutum."

"Ka ga wani?"

"Da na ga wani da na tsaya ina ihu kamar jaki?"

Daga nan sai Abanub, mai gyaran ɗaki, wanda kullum yake naɗe mana tawul ya zama kada a kan gado. Yana da mabuɗi, kuma Hajji Dardir ya riga ya ambaci sunansa sau da yawa. Ya zo ya rantse da Almasihu ya rantse da kan 'ya'yansa cewa bai shiga ba tukuna, ɗakin ango ba a shigarsa da wuri. Tsohon ya dubi takalminsa na roba, ya sa shi ya yi taku zuwa ƙarshen lungu ya dawo.

"Kana jan ƙafar hagu. Je ka abinka."

Saura ni.

"Ina kake da asuba?"

"A saman jirgi. Na hau in ga fitowar rana."

"Kai kaɗai? Ka bar amarya ka je kallon rana?"

"Ina so in rubuta mata yadda take fitowa."

Ya dube ni kamar na ce masa ina cin ƙasa. "Allah ya shirye ka. Zo mu je."

*

Ya sa aka jawo kwale-kwalen Shahhat, muka shiga, wani ma'aikaci ya tuƙa mu har ƙarƙashin barandata. Daga nan ƙasa na ga yadda take kusa. Ko yaro zai iya hawa.

Baba Karrar ya shafa ƙarfen barandar da tafin hannu, tun daga wannan kusurwa har waccan.

"Mai hawa daga ruwa sai ya kama nan, ya taka nan. Baƙin hayaƙin yana nan yadda yake. Babu wanda ya hau."

Sai ya tsaya. A wajen ƙarfen akwai wani ɗan leɓe da bai fi faɗin yatsu ba, wanda ba a ganinsa daga ciki. Ya dangwali wani abu a kansa ya kai harshe. Ya sake dangwala ya sansana. Ya zaro wani guntun jan zare da ya maƙale a gefen ƙarfe mai kaifi, ya ɗaga shi a haske. Fuskarsa ta sauya. Ba murna ba ce, wani irin takaici ne.

"Mene ne, Baba?"

"Sukari. Garin lalle. Ƙwayoyin sha'ir." Ya tofar. "Ka taɓa jin ɓarawon da ya zo sata da sukari?"

Ya dube ni, ya dubi haɓata.

"Yaushe ka yi aski?"

"Ranar da muka hau. Akwai wanzami a jirgin."

"Daga wurinsa ka wuce ɗaki wurin matarka?"

"E mana. Ina so ta ga..."

"Wa ke ɗakin?"

"Gwaggo Ratiba tana jera mata kaya."

"Kai," ya ce, yana girgiza kai, "duk karatun naka babu wata tsohuwa a gidanku da ta gaya maka komai? Maida mu. A tara mini su."

*

Ustazu Milad ya tara mu a ɗakin cin abinci kafin magariba. Ba a gayyaci sauran fasinjoji ba, amma babu wanda ya rage a ɗakinsa. Aka kawo Shahhat da Abanub. Wisal ta zauna kusa da gwaggonta, gyale ya rufe rabin fuskarta. Ba ta dube ni ba. Ni kuwa ita kaɗai nake kallo, ina jin haushinta.

Baba Karrar ya tsaya a tsakiya ya dogara da sandarsa.

"Babu wanda ya shiga ɗakin nan daga ruwa. Mai kwale-kwale bai taka barandar ba, mai tawul bai taka ba. Sawun ango na jiya ne, an taka a kansa. Sawun yau na mata ne, babu takalmi. Ɗaya babba ce, mai nauyi, ƙafarta ta dama tana ciwo, ta tsaya a baya. Ɗayar ta durƙusa a bakin ƙarfe, gwiwoyinta sun fito, ta zura hannu waje."



"An zuba wa kogi sukari da lalle da sha'ir. Duk wanda aka haifa daga Ƙina zuwa Aswan ya san wa ake zuba wa wannan, ya san dalili. In namiji ya taso daga aski ya shiga wa amarya kafin ta ga sabon wata, tsofaffi suna cewa ya ɗaure ta, ba za ta haihu ba. Mushahara. Maganinta a tsoma tsohuwar zinariya a kogi, amarya ta wanke fuska da ruwan da ya ɗigo daga jikinta. A duk jirgin nan ɗaki ɗaya ne hannu ke kusa da ruwa." Ya ɗaga jan zaren. "An ɗaura sarƙar da wannan aka zura. Ƙarfe ya yanke shi. Sarƙarka tana ƙarƙashin kogi a Isna, Hajji."

Hajji Dardir ya miƙe har kujerarsa ta faɗi.

"Kai tsohon makiyayin raƙuma, yayata kake nufi? Matar da ta je Makka sau biyu?"

"Ban kira suna ba. Ƙasa na karanta."

"Ratiba, ki gaya masa!"

Gwaggo Ratiba ta gyara zama, ta janye ƙafarta ta dama ƙarƙashin riga.

"Ban san abin da yake faɗa ba. Tun asuba ina ɗakina da carbina."

"Kun ji!" Hajji ya juyo ga jama'a. "Nawa ka ba shi, Nazih? Sukari! Jirgin da ake shan shayi dare da rana, wai an ga sukari!"

Wasu suka yi dariya. Matar nan mai 'yan kunne ta ce ai dama. Baba Karrar ya ɗaga kafaɗa, ya sa zaren a kan tebur.

"Ni ba alƙali ba ne. Na faɗi abin da na gani. Mai sawu na biyu tana da baki."

Ustazu Milad ya share zufa. "In babu wanda ya amsa, Ustazu Nazih, ka yi haƙuri. Da safe muna Kom Ombo, kai da wannan mutumin..."

"Ni kuma!" Shahhat ya yi tsalle. "Ya ce ban taka ba, ba ku ji ba? Kurame ne ku?"

Ban san lokacin da na tsallaka ɗakin ba. Na tsaya a gaban matata. Duk kalmomin da na tara a rayuwata suka gudu, sai ɗaya.

"Wisal."

Gwaggo Ratiba ta damƙe hannunta. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma na ji, kuma na san Hajji ma ya ji.

"Ki yi shiru, 'yar nan. Wata bai tsaya ba. In kika faɗa kafin ya tsaya, maganin ya karye. Ki dube ni. Haka aka shigo mini, babu wanda ya kula, ga ni nan na tsufa a gidan ƙanena ina renon 'ya'yan wasu. Kwana kaɗan ne, zai jure. Namiji ne."

Sai a lokacin na gane shirun. Ganewar ba ta huce ni ba, ƙara mini wuta ta yi. An sayar da sunana don ɗan da ko cikinsa ba a yi ba.

Wisal ta zare hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa. Ta tashi. Gyalen ya zame, fuskarta duk hawaye.

"Ni ce na durƙusa," ta ce. "Ni na riƙe zaren. Ya tsinke a hannuna, Baba. Nazih bai san komai ba."

Gwaggo Ratiba ta saki wata ƙara ta dafe kai kamar an yi mutuwa. A wurinta mutuwar aka yi.

Hajji Dardir ya dubi yayarsa, ya dubi 'yarsa, ya dubi jama'ar da ya tara wa kansa. A garinmu wanda ya ɓata sunan mutum a gaban mutane, a gaban mutane yake sumbatar kansa. Ya sani, kowa ya sani. Ya tako wurina kamar mai zuwa wurin cire haƙori.

Na ja da baya.

"Ba ni ne na farko ba, Hajji. Ni ba a fasa mini leɓe ba."

Ya dubi inda nake nunawa. Shahhat ya riga ya cire hularsa ya miƙo kai, yana murmushi da haƙoransa duka.

"Bismillah, ya Hajji. A tsakiya, inda babu gashi. Sannan a miƙo mini shimfiɗata, kuma wani ya maida ni Isna, ba zan tuƙa ba."

Ya sumbata. Ya sumbaci na Abanub. Da ya zo kaina na ji hucin numfashinsa a goshina, ya ce a kunnena, "Da ka kama ɗakin sama kamar mutane da duk wannan bai faru ba." Ban ce masa Ammi ba.

Baba Karrar ya riga ya kai bakin ƙofa. Na bi shi in yi godiya, ya ɗaga mini hannu.

"Kada ka gode mini. Ban so in faɗa ba. Tsohuwar nan ba ɓarauniya ba ce, tsoro ne da ita." Ya bi katakon sauka daga jirgi ba tare da ya waiwayo ba.

*

Ana kiran magariba daga masallatan Idfu aka ƙwanƙwasa ƙofata. Wisal ce, riƙe da jakarta da hannu biyu. Na tsaya a ƙofar ban matsa ba.

"Wuni guda," na ce. "Kina zaune ana kirana ɓarawo. An fasa wa bawan Allah baki. Kin ji ubanki yana maganar takarda, kin yi shiru."

"Na sani."

"Kin yarda da abin nan? Ke da kika yi jami'a?"

"Ban sani ba, Nazih!" Ta ɗaga murya karo na farko tun da na san ta. "Da rana ban yarda ba. Amma ita ta rene ni, na ga yadda take kallon 'ya'yan mutane. Kai in ba mu haihu ba, uwarka za ta nemo maka wata kafin shekara ta zagayo. Ni wa za a nemo mini? Ka zaci daɗi nake ji a can sama?"

Tana da gaskiya a kan uwata, wannan ma ya ƙara ba ni haushi.

"Na karya shi," ta ce, muryarta ta sauka. "Wata bai tsaya ba, na faɗa. Yanzu in ban haihu ba fa?"

"In ba ki haihu ba, mu biyu ne. In kika sake yin shiru ana zagina, ni kaɗai ne. Wannan ne ba zan iya ba."

Ta share hanci da gefen gyale.

"To ka gama? Jakar nan tana da nauyi."

Ban gama ba. Ina da sauran magana da za ta kai mu Aswan ta dawo da mu. Na miƙa hannu na karɓi jakar.